Gani Sau Dubu, Shin Ya Zama Hujja?

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma babu mai musun wannan magana. Amma akwai tambayar da karin maganar bai amsa ba. Idan mutum ya ga abu ya faru sau goma, ko sau ɗari, ko sau dubu, bai taɓa ganin ya saɓa ba, shin yana da ikon cewa kullum haka yake faruwa? Sau nawa za a ga abu kafin a ce an san shi? Tambayar ta shafi alƙali a kotu, ta shafi manomi a gona, ta shafi mai neman aure. Ta kuma shafi marubuci fiye da kowa, domin shi ne yake ɗauko abin da ya gani a gida ɗaya ya rubuta shi a kan al'umma.

Don mu ji daɗin tattauna ta, zan aro wata matsala daga ilimin lissafi, wadda ɗan firamare zai gane cikin minti biyar, amma ta gagari masanan duniya sama da shekara 280. Kada mai karatu ya tsorata da jin lissafi. Abin da ake bukata bai wuce tarawa da rabawa irin na kasuwar ƙauye ba.

Adadin da ya gagari rabo

Mu leƙa ƙasar Dambatta ko Kunci ko Bici da kaka, inda gona take manne da gona, babu dajin da ya rage ba a sare ba, kuma kowane yanki an sha raba shi a gado tun kaka da kakanni. Mutanen wannan ƙasa sun san rabo. A ce 'yan'uwa sun noma gandu sun ɗaure dami 12 na gero. In su biyu ne, kowa shida. In uku ne, kowa huɗu. In huɗu ne ko shida, nan ma babu gardama. To amma a ce dami 13 ne. A raba biyu, saura ɗaya. A raba uku, saura ɗaya. A raba biyar, saura uku. Duk yadda aka juya sai an kwance dami, in ba mutum ɗaya ne zai kwashe duka ba, ko kuma a samu mutum 13 kowa ya ɗauki ɗaya.

Irin wannan adadi shi zan kira gagara-rabo a wannan maƙala. Su ne 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23, da sauransu. Masana ba su sa 1 a cikinsu. Daga 1 zuwa 100 akwai su guda 25.

Akwai kuma wani kashin da kowa ya sani, wato cika da mara, ko a ce shafa'i da wutiri kamar yadda muka sani a salla. Shafa'i shi ne adadin da yake rabuwa biyu daidai. Wutiri shi ne mai barin saura ɗaya. Duk gagara-rabo wutiri ne, in ban da 2.

Yanzu ga abin mamakin. Ɗauki kowane adadi shafa'i da ya wuce 2, ka gwada kasa shi gida biyu, ba lallai daidai ba, amma kowane kashi ya zama gagara-rabo. 4 shi ne 2 da 2. 6 shi ne 3 da 3. 8 shi ne 3 da 5. 10 shi ne 3 da 7, ko 5 da 5. 12 shi ne 5 da 7. 20 shi ne 3 da 17, ko 7 da 13. Wani lokaci sai ka ɗan sha wuya. Gwada 98. Cire 3, saura 95, yana rabuwa. Cire 5, saura 93, yana rabuwa. Cire 7, 11, 13, 17, duk sauran suna rabuwa, har ka fara zaton ka kama ɓarawo. Sai ka cire 19, saura 79, ga shi ya fito. Shi kuwa 100 hanya shida gare shi: 3 da 97, 11 da 89, 17 da 83, 29 da 71, 41 da 59, 47 da 53.

Shin kowane shafa'i haka yake, har abada? A nan ake yin ta.

Wasiƙar 1742

Ranar 7 ga Yuni 1742 wani Bajamushe mai suna Christian Goldbach, wanda yake aiki a ƙasar Rasha, ya rubuto wasiƙa daga Mosko zuwa ga abokinsa Leonhard Euler a Balin. A gefen takardar ya rubuta wani hasashe game da tara gagara-rabo. Euler, wanda babu kamarsa a lissafi a zamaninsa, ya ba shi amsa a ƙarshen watan, ya fito da maganar a siffar da muka gani a sama. Ya ce shi a ransa bai da shakkar gaskiya ce, amma ya kasa kawo hujjarta. Tun daga ranar ake kiran maganar Zaton Goldbach, kuma har yau sunanta bai canza ba.

Kada wani ya ce wannan wasan Turawa ne da ba ruwan Bahaushe da shi. Shekara guda kafin wasiƙar, a 1741, wani malami ɗan ƙasar Katsina, Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkatsinawi, ya rasu a Alƙahira, a gidan Hasan Aljabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. A wajajen 1732 ya yi rubutu da Larabci kan hatimi, wato gidajen lambobi da ake tsarawa yadda kowane layi, na tsaye da na kwance da na gicciye, zai ba da jimla ɗaya. Mafi ƙanƙantarsu mai gida tara ne, daga 1 zuwa 9, kowane layi 15. Abin lura a aikinsa shi ne bai tsaya ga jera misalai ba, ya ba da ƙa'idar da za a bi a gina hatimi mai wutirin gidaje a kowane gefe. Ya san cewa tarin misali daban, ƙa'ida daban. Wannan bambanci shi ne zuciyar maganarmu.

Me aka yi tun 1742? An yi ta gwaji. A 1938 wani masani a Finland, Nils Pipping, ya bi shafa'i ɗaya bayan ɗaya har zuwa 100,000, bai samu mai saɓawa ba. Da kwamfuta ta zo sai aka sakar mata aikin. A 2012 Tomás Oliveira e Silva na ƙasar Fotugal da abokan aikinsa suka kai binciken zuwa adadin da ake rubutawa da 4 da sifiri 18 a bayanta. Ko ɗaya bai saɓa ba. Bugu da ƙari, an lura cewa yayin da adadi yake girma, hanyoyin kasa shi suna ƙara yawa a galibi: 10 hanya biyu, 100 hanya shida, 1,000 hanya 28.

An kuma matso kusa ta fuskar hujja. A 1937 Ivan Vinogradov na Rasha ya tabbatar da cewa duk wutiri mai girma sosai jimlar gagara-rabo uku ne. A 2013 Harald Helfgott ɗan ƙasar Peru ya ƙarasa wannan ɓangaren ga duk wutirin da ya wuce 5. A 1973 Chen Jingrun na ƙasar Sin ya buga hujjar cewa duk shafa'i mai girma sosai za a iya kasa shi biyu, kashi ɗaya gagara-rabo, ɗayan kuma ko dai gagara-rabo ko ninkin gagara-rabo biyu. Saura ƙiris. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Buhun da ba shi da gindi

Mai karatu zai iya cewa, haba, wace irin taurin kai ce wannan? Shaidu biliyan sau biliyan sun zo, duk bakinsu ɗaya, me ya sa ba za a yanke hukunci ba?

Je ka kasuwar Dawanau ka ga yadda ake sayen wake. Mai saye yakan soka ƙarfen nan mai rami a buhu, ya zazzago 'yan ƙwayoyi a tafin hannu, ya duba, ya yi ciniki. In yana tsoron algus sai ya soki sama da tsakiya da gindi. In abin ya dame shi ƙwarai sai ya sa a juye buhun duka a kan tabarma, daga nan magana ta ƙare, domin buhu yana da gindi. Shi buhun lambobi ba shi da gindi. Komai yawan abin da ka juye, abin da ya rage a ciki ba shi da iyaka, kuma wanda ka duba bai kai ko ƙwaya ɗaya ba in an gwada shi da wanda ba ka duba ba.

Masana lissafi sun sha ganin rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. A 1640 Pierre de Fermat na Faransa ya lura da wani jeri. Ɗauki 2, ƙara ɗaya, ka samu 3. Ninka 2 da kansa, 4, ƙara ɗaya, 5. Ninka 4 da kansa, 16, ƙara ɗaya, 17. Haka za ka samu 257, sannan 65,537. Duk biyar ɗin gagara-rabo ne, sai Fermat ya ɗauka haka jerin zai tafi har abada. A 1732 Euler ya nuna cewa na shida, wato 4,294,967,297, yana rabuwa: 641 sau 6,700,417 ne.

Ga wani da mai karatu zai iya gwadawa da fensir. Fara da 41. Ƙara 2, ka samu 43. Ƙara 4, 47. Ƙara 6, 53. Ƙara 8, 61. Ci gaba a haka. Adadi arba'in a jere za su fito maka, duk gagara-rabo. Wa zai ga abu sau arba'in bai rantse ba? Na arba'in da ɗaya shi ne 1,681, wato 41 sau 41.

To yaya hujja take, in ba tarin shaidu ba ce? Ga ƙaramin misali. In ka tara wutiri biyu, kowanne ne, shafa'i za ka samu. Ba sai ka gwada ba. Kowane wutiri in an jera shi bibbiyu yana barin gwauro ɗaya. In ka haɗa biyu, gwauron wannan ya samu gwauron wancan, babu saura. Wannan bayani ya rufe dukkan wutirai, waɗanda aka taɓa ƙirgawa da waɗanda ba za a taɓa ƙirgawa ba. Haka Iƙlidis ya yi a Iskandariyya sama da shekara 2,000 da suka wuce, da ya nuna gagara-rabo ba su ƙarewa. Kawo duk waɗanda ka ce su ke nan, ka ninka su gaba ɗaya, ka ƙara ɗaya. Sabon adadin, da kowannensu ka raba shi, saura ɗaya zai bari. Ke nan ko shi kansa sabon gagara-rabo ne, ko kuma wani da ba ya cikin jerinka ne yake raba shi. Gwaji yana gaya maka abin da ya faru. Hujja tana gaya maka dalilin da ya sa ba zai yiwu ya saɓa ba. Wannan dalilin ne aka rasa a Zaton Goldbach.

Manomi da zato

A nan wani zai tashi da ƙorafi mai ƙarfi. Zai ce, in sai an samu hujja irin ta Iƙlidis za a yi magana ko a yi aiki, ai rayuwa ta tsaya. Wa yake da hujjar cewa za a yi ruwa bana? Wa yake da hujjar cewa amininsa ba zai ci amanarsa gobe ba?

Gaskiya ne. Malamanmu na usulu sun kasa sani hawa-hawa: wahami, shakka, zato, yaƙini. Sun kuma yarda cewa mafi yawan al'amuran duniya a kan rinjayen zato ake gina su. Manomin Makoɗa da yake yin binne tun ruwa bai sauka ba, a kan zato yake zuba irinsa a busasshiyar ƙasa. Ba laifi ya yi ba. Da ya jira yaƙini da ya kwana da yunwa.

Amma a duba yadda yake riƙe zaton nasa. Ba ya zuba iri duka, yakan ajiye na sake shuka. Ba ya shuka abu ɗaya. Gero mai saurin nuna yana nan, dawa mai jinkiri tana nan, ga wake da gyaɗa a tsakani, don in wannan ya ƙi wancan ya yi. In ya samu hali ba ya buɗe rumbu ya sayar duka da kaka. Me ya koya masa haka? Kakanninsa sun ga yunwar Kakalaba a 1913 zuwa 1914. Iyayensa sun ga farin 1972 zuwa 1973, da na 1983 zuwa 1984. Ya san damina tana zuwa a galibi, ya kuma san galibi ba kullum ba ne.

Inda aka manta da wannan darasi an ji jiki. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama kuɗi. Shekara da shekaru ana jera buhuna ana tayar da dala, har aka ɗauke ta kamar dutsen Dala, abin da ba ya gushewa. Sai fari ya zo, sai cutar kuturtar gyaɗa ta biyo baya a 1975 ta cinye gonaki, ga kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin hukuma daga noma. Cikin 'yan shekaru dalar gyaɗa ta zama labari. Sama da shekara sittin ana ganin abu, amma bai zama hujja ba.

Ko a tsakiyar gonar akwai mai wa'azi a tsaye. Duk wanda ya kalli ɗorawa da tsamiya da kuka zai ce kowace bishiya da damina take ganye. Ga gawo nan, da damina yake zubar da nasa, da rani ya yi kore shar. Shi ya sa manomi yake barin sa a gona, don ba ya yi wa gero inuwa. Gawo ɗaya ya isa ya rushe kalmar "kowace".

Ke nan laifin ba a zato yake ba. Laifin shi ne a ɗauki zato a sa masa rawanin yaƙini.

Ina ruwan marubuci?

Ya 'yan'uwa marubuta, a nan maganar ta iso ƙofar gidanmu. Mu buɗe littattafanmu da maƙalunmu mu ƙirga sau nawa muke rubuta "duk" da "kowa" da "kullum" da "ba a taɓa". Duk kishiya muguwa ce. Duk matar uba azzaluma ce. Duk ɗan boko ya raina iyayensa. Duk baƙauye wawa ne, duk ɗan birni mayaudari. Mutanen gari kaza ba su da amana. Shaidu nawa muka tara kafin mu yanke? Uku? Biyar? Masana lissafi suna da shaidun da baki ba zai iya ƙirgawa ba, babu ko ɗaya da ya saɓa, amma har yau suna cewa zato ne. Mu kuwa da shaidu uku, alhali ga na huɗu a maƙwabta yana ƙaryata mu, mun riga mun buga hatimi.

Kuma hatsarin namu ya fi nasu. In zato ya yi kuskure a kan 4,294,967,297, babu wanda zai kwana da hawaye. In ya yi kuskure a kan mutum, aure yakan mutu, zumunci ya yanke, a hana yaro 'yar da yake so don an ce duk danginsu haka suke. Yarinyar da ta karanta littattafai goma duk matar uba mayya ce, da wane ido za ta kalli matar da mahaifinta ya auro? Shi ya sa Bahaushe ya ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. A fahimtata, abin da yake nufi shi ne wanda ya yanke wa ɗan'uwansa hukunci babu hujja ya yi zalunci tun a lokacin yankewar, ko da daga baya sa'a ta gaskata shi.

Mu kanmu an yi mana irin wannan. A shekarun 1990, lokacin da ake muhawara a jaridu kan abin da aka kira Adabin Kasuwar Kano, an sha jin masu cewa duk littattafan soyayya ce zalla, babu komai cikinsu sai ɓata tarbiyya. Alhali Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, labarin matar da miji ya kora ne da 'ya'yanta, da yadda ta tsaya da ƙafarta. Littafi ɗaya ya isa ya zama gawo a wannan gona. In mun ji zafin a yi mana kuɗin goro, bai kamata mu yi wa wasu ba.

Wannan ba ya nufin marubuci ya zama matsoraci, kowace jimla sai ya lulluɓe ta da "wataƙila". Ƙagaggen labari ma ba a kan "duk" yake tsayawa ba, a kan mutum ɗaya yake tsayawa. Rubuta muguwar kishiya in labarinka ya bukace ta, amma ka ba ta suna da dalili da tarihi, yadda mai karatu zai ga wannan matar ce, ba dukkan mata ba. In kuwa maƙala kake rubutawa, faɗi ra'ayinka da ƙarfi, amma ka sa kowace magana a matsayinta: wannan na gani, wannan na ji, wannan nake zato, wannan na tabbatar. Euler bai rage daraja ba don ya ce ya yarda amma ya kasa tabbatarwa. Wannan furuci ne ya bar ƙofa a buɗe, masana suka yi ta shiga suna fitowa da sabon ilimi har yau.

Marubutan wasu ƙasashe sun ga abin rubutawa a wannan haƙuri. A 1978 wani marubucin Sin, Xu Chi, ya rubuta labarin rayuwar Chen Jingrun a wata mujallar adabi, ya mai da shi sananne a duk faɗin ƙasar. A 1992 Apostolos Doxiadis na Girka ya fitar da ƙagaggen labari kan wani dattijo da ya ƙarar da rayuwarsa a kan wannan zato. Da littafin ya fito da Ingilishi a 2000, kamfanin Faber and Faber ya sa kyautar dala miliyan ɗaya ga wanda ya kawo hujja cikin shekara biyu. Wa'adin ya cika babu wanda ya karɓa.

Mai yiwuwa gobe wani ya kawo hujjar, mai yiwuwa ma daga cikin yaran da suke koyon ƙirga da tsakuwa a makarantun Tsanyawa ko Minjibir. Kafin ranar, sunan maganar zato, kuma masu ita ba su jin kunyar kiran ta da sunanta. Shawarata ga mai shirin kai rubutunsa maɗaba'a ita ce ya ɗauki jan biro ya bi shafukansa, duk inda ya ga "duk" ko "kullum" ya tsaya ya tambayi kansa: na juye buhun nan har gindi, ko soka shi kawai na yi? In soka shi ya yi, to ya faɗi haka. Allah Ya sa alƙalumanmu su zama masu adalci, amin.